Yadda Ake Tsallake Katangar Intanet a Ƙasar Sin: Shirin da Ɗan Kasuwa Zai Yi Tun Daga Gida

Tafiyata ta farko Gwanzu (Guangzhou) a ƙasar Sin, sai bayan isha'i na isa masauki a unguwar Xiaobei. Na karɓi lambar waifai wurin yaron da ke kan kanta, waya ta nuna sabis ya cika taf. Na rubuta wa uwargida "na sauka lafiya", na tura. Saƙon ya tsaya da ɗan agogon nan a gefensa, ya ƙi tafiya. Na buɗe Gmail in ciro adireshin masana'antar da zan je da safe, shafi ya yi fari fat yana ta juyi. Wani bawan Allah ɗan Maraɗi da muka haɗu a falo ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai nan sai da VPN." Wato manhajar da ke zagaye toshiyar intanet. Na shiga Play Store zan sauke, shi ma a rufe. Kwana biyu ina aron wayar mutane, a gida kuma hankali a tashe, ba su san ko na sauka ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan duk abin da zai buɗe maka intanet a Sin, a gida ake yin sa, inda ƙofa take a buɗe. Ka ware masa mako guda kafin ranar tashi.

Ga abin da za ka tarar. Tun 2009 aka toshe Facebook da Twitter da YouTube. A 2014 Google ya bi sahu da Gmail ɗinsa, haka ma Instagram. WhatsApp ya shiga layi a watan Satumba na 2017. Telegram da Wikipedia da shafin BBC duk suna ciki. Hanyoyin da intanet ke fita daga ƙasar ƙalilan ne, kuma a bakin kowace akwai na'urorin da ke duba inda saƙo ya nufa da irin kamanninsa. Wannan shi ake kira Babbar Katanga.

Wani zai ce ai ya san VPN tun lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ko lokacin da Chadi ta rufe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019. Wancan daban, wannan daban. A lokacin Play Store a buɗe yake, duk VPN ɗin da ka ɗauko ta yi aiki. A Sin ita kanta VPN ɗin ake farauta.

Mataki na farko: gyara makullan shiga

Fara da layinka na gida. Je ofishin kamfanin layin ko ka kira su, ka ce a buɗe maka romin, wato layin ya ci gaba da aiki a ƙasar waje, ka zuba masa kati kaɗan. Ba don kira ba. Don lambobin sirrin nan ne da banki ke turowa ta tes. Ranar da za ka tura wa wani kuɗi daga Gwanzu, banki ya aika lamba zuwa layin da ba ya aiki, ranar za ka san darajarsa. Karɓar tes a romin galibi kyauta ne, amma datarsa wuta ce, don haka ka kashe data a kan wannan layin tun kafin jirgi ya tashi.

Sai Google. Idan ya ga ana shiga asusunka daga wata ƙasa, yakan tsaya sai an tabbatar masa kai ne. Shiga asusun, ɓangaren tsaro, wurin tabbatarwa mai mataki biyu, ka nemi lambobin ajiya. Zai ba ka guda 10, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su da biro a takarda, ka sa a jakar da fasfo yake, amma kada ka rubuta kalmar sirrinka a jikin takardar.

A WhatsApp kuma ka sa lambar nan mai shida ta ƙarin tsaro. Idan ka saka sabon layi a can, WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tsohuwar lambarka, kada ka taɓa shi, kada ka sauya lamba. Mafi muni shi ne ka ga ya ƙi aiki ka goge shi da niyyar sake ɗorawa. In wayarka Android ce, ba za ka samu inda za ka sauko da shi ba, hirarrakinka kuma suna ajiye a Google Drive, bayan katanga.

Mataki na biyu: layin da ke zagaye katangar

Wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita, kuma ita mutanenmu suka fi rashin sani. Idan layin wata ƙasa yana romin a Sin, datarsa ba ta bi ta ƙofar da ake tsaro. Kamfanin Sin yana ba ka eriya ne kawai, sai ya miƙa datar ga kamfanin da ya mallaki layin, daga can take fita duniya. Shi ya sa mai layin Hong Kong yana zaune a tsakiyar kasuwar Yiwu yana kallon YouTube ba tare da wata VPN ba.

Hanya mafi sauƙi ta samun irin wannan layi ita ce eSIM, layin da ba shi da kati, cikin waya ake dasa shi. Da farko duba ko wayarka tana ɗauka. Danna *#06#. Idan a cikin lambobin da suka fito ka ga wata doguwa da aka rubuta wa EID, tana ɗauka. Da yawa daga wayoyin da muka fi riƙewa a Arewa ba su da shi, musamman masu sauƙin kuɗi, haka ma yawancin iPhone ɗin da aka yi don kasuwar Sin. Ka duba, kada ka yi zato.

Idan tana ɗauka, sauke manhajar masu sayar da layin tafiya, irin su Airalo ko Nomad, ka zaɓi ƙasar Sin, ka karanta bayanin kunshin da kyau kafin ka biya. Yawancinsu data ce zalla, babu lambar kira. Lissafa kwanakinka ka ƙara biyu a kai, saboda jirgi yakan saɓa. Katin naira ba kullum yake wucewa wurin biya ba, to ka gwada da wuri, in ya ƙi ka sami lokacin neman katin dala. Dasa layin kana gida, domin dasawar tana buƙatar intanet, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka sa masa suna, misali "Tafiya", ka bar shi a kashe. Kada ka goge shi bayan ka dasa, yawanci ba ya dasuwa sau biyu.

Idan wayarka ba ta ɗauka, tambayi kamfanin layinka ko suna da kunshin datar romin na Sin. Yakan yi tsada, amma ko ƙarami ne ka saya don ranar sauka. Wanda zai bi ta Hong Kong kuma yana iya sayen layi mai kati a can, ya tabbatar wanda ke aiki a cikin Sin ne.

Aibin wannan hanya ɗaya ne, data tana ƙarewa. Kafin ka tashi ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, ka hana waya sabunta manhajoji sai a waifai. Guruf ɗin 'yan'uwa kaɗai yana iya shanye maka kunshin mako a kwana biyu.

Mataki na uku: VPN, kuma guda biyu

Don waifai na masauki da kwamfuta da kiran bidiyo mai tsawo, sai da VPN. Aikinta shi ne ta naɗe datarka ta kai ta wata na'ura a wata ƙasa, daga can ta wuce inda ka nufa. Mai gadin ƙofa ba ya ganin abin da ke cikin ƙunshin, amma yana iya gane cewa wannan ƙunshin VPN ne, ya tare. Tsarin OpenVPN da na WireGuard, in an bar su tsirara, katangar ta san kamanninsu. Abin da kake nema shi ne VPN mai ɓad-da-kama, wadda ke sa datarka ta yi kama da ta mai buɗe shafi na yau da kullum. A cikin saitin manhaja za ka gan shi da suna Stealth ko Obfuscation, ko ka ga Shadowsocks ko V2Ray ko Trojan.

Wace za ka saya? Ba zan kama maka suna ɗaya ba, domin wadda ta yi aiki a baje kolin Gwanzu na Afrilu tana iya mutuwa kafin na Oktoba. Kada kuma ka bi shafukan da ke jera "goma mafi kyau", da yawansu kamasho suke ci. Nemi wanda ya dawo cikin watan nan, a Kantin Kwari ko Sabon Gari ko duk inda kake, ka tambaye shi uku: wace ya yi amfani da ita, a wane gari, a waifai ko a layi. Matambayi ba ya ɓata. Biya na wata ɗaya kawai, ba na shekara ba. Sannan ka sayi ta biyu daga wani kamfani daban, don ranar da ta farko ta kwanta.

Na kyauta da suka cika Play Store, masu hoton makulli da garkuwa, ka bar su. Duk abin da kake yi a waya ta hannun mai VPN yake bi, kuma wanda bai karɓi kuɗinka ba, wani wurin yake samun nasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai na kyauta da aka san masu su, kamar Psiphon da Tor Browser, waɗanda aka daɗe ana tsallake takunkumi da su. Ka ɗora su a matsayin tayar safaya. Tor yana da nauyi, kuma abin da ka buɗe a cikinsa kaɗai yake rufewa, ba zai tayar maka da WhatsApp ba. In za ka yi amfani da shi a Sin, shiga saitinsa ka zaɓi gadar da ake kira Snowflake. Ya isa karanta labarai da buɗe imel ranar da komai ya tsaya.

Mai ƙane ko ɗa da ya san kwamfuta yana da wata hanyar. Akwai manhajar Outline, wadda ke ba mutum damar kafa tasa VPN a kan na'urar haya ta kusan dala 5 a wata. Yaron zai kafa, ya turo maka makulli, dogon rubutu mai farawa da ss://, ka manna a manhajar wayarka. Ita ma katangar takan gano ta, amma a nan kana da wanda za ka gaya wa ya kafa sabuwa ya turo wani makullin.

Saukewa kaɗai ba ta isa ba, a nan da yawa suke faɗuwa. Buɗe kowace, ka shiga da imel da kalmar sirri, ka haɗa ta sau ɗaya ka ga ta yi kore. Shafin kamfanin a toshe yake a can, ba za ka iya yin rajista ko biya ba. Kunna ɓad-da-kama. Kunna maɓallin Kill switch, wanda ke yanke data gaba ɗaya in VPN ta katse. Mai Android ya shiga saitin batir ya cire wa manhajar takunkumi, in ba haka ba waya za ta riƙa kashe ta da zarar allo ya mutu, ka ciro waya daga aljihu ka tarar saƙonni sun yi awa uku ba su shigo ba. Ya kuma sauke fayil ɗin ɗora manhajar daga shafin kamfanin kansa, ya ajiye kwafi a filashi. Mai iPhone yana da ɗan sauƙi, shagonsa yana bin ƙasar da aka yi wa asusu rajista ne, kada dai ya mayar da ita Sin, don tun Yulin 2017 Apple ya cire manhajojin VPN daga shagonsa na can. Duk abin da ka yi wa waya ka yi wa kwamfuta.

Ka kuma buɗe imel na biyu a Outlook, wanda galibi yana buɗuwa a Sin kai tsaye. Tura masa tikiti da takardar masauki da adireshin masana'antu, ka ajiye adireshin imel na masu VPN ɗinka a ciki.

Mataki na huɗu: kayan cikin gida

Rabin harkarka a can ba ta buƙatar tsallake komai. Duk mai kaya da za ka haɗu da shi, a rumfunan baje koli na Pazhou ko a kasuwannin Sanyuanli, WeChat, manhajar hirarsu ta can, zai miƙo maka ka sikana. Buɗe shi tun a gida da lambarka, domin wani lokaci yakan nemi wani tsohon mai asusu ya tsaya maka, kuma neman wannan mutum ya fi sauƙi a Kano. Ka ɗora wa uwargida da yaron shago su ma, ku gwada kiran juna. Ranar da komai ya toshe, wannan ƙofar tana nan. Amma ka sani WeChat ba ɗakin sirri ba ne. Saƙonninsa ba a kulle suke daga kai sai wanda ka tura wa ba kamar na WhatsApp, kuma masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun nuna a 2020 cewa har hotuna da takardun masu asusun ƙasashen waje ana dubawa. Ciniki da gaisuwa, shi ke nan.

Ɗora Alipay, manhajar biyan kuɗi, ka haɗa shi da katinka, a cikinsa akwai DiDi na kiran tasi. Taswirar Google ko ta buɗu takan kauce da ɗaruruwan mitoci a Sin, ka nemi Amap, taswirarsu ta can, mai iPhone kuma taswirar Apple tana aiki. A manhajar fassara ka sauke Sinanci da Turanci don su yi aiki ba intanet. Adireshin masaukinka da rubutun Sinanci, ɗauki hotonsa, ka kuma buga a takarda.

Ranar sauka

Tun a zangon Addis Ababa ko Doha ka tura saƙo gida, ka gaya musu Sin tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7, kada su ji shiru su tsorata. Da jirgi ya sauka a filin Baiyun na Gwanzu, kunna layin "Tafiya", ka zaɓe shi a matsayin layin data, ka kunna masa romin, shi kaɗai. Ba shi minti biyu zuwa uku. In bai kama ba, sa waya a yanayin jirgi ka cire, ko ka zaɓi China Unicom ko China Mobile da hannu. Kada ka ɓata lokaci kan waifai na filin jirgi, yana neman lambar tes ko a sikana fasfo, kuma bayan katanga yake.

A masauki, fara haɗa waifai, ka bari shafin shigarsu ya buɗe ka gama da shi, sannan ka kunna VPN. In ka kunna ta da fari, Kill switch zai hana shafin fitowa, ka zaci waifai ɗin ne ya lalace. Zaɓi ƙasa ta kusa: Hong Kong, Japan, Singafo. Amurka da Ingila sun yi nisa, kira zai riƙa sarƙewa. Lokacin biya da Alipay ko kiran tasi, kashe VPN, ko ka ware waɗannan manhajoji daga cikinta in tana da wannan saitin. Manhajar bankinka ta gida kuma ka buɗe ta a kan layin romin, VPN a kashe, don wasu bankuna sukan rufe asusu in sun ga yau kana Tokyo gobe kana Singafo.

In ta ƙi haɗuwa, kada ka yi ta danna wuri ɗaya. Sauya ƙasa. In ta ƙi, sauya tsarin ɓad-da-kama. In ta ƙi, duba agogon waya, in ba daidai yake da na gari ba haɗin ba ya yiwuwa, mayar da shi ya saita kansa. Sannan koma ta biyu. Akwai dabarar da ta sha fitar da ni: kunna datar romin, ka buɗe manhajar VPN ta sabunta jerin na'urorinta, sannan ka koma waifai. Da daddare hanya takan cunkushe, manyan hotunan kaya ka bari sai bayan asuba. Akan kuma ƙara matsa katangar a farkon Maris lokacin taron majalisa, da farkon Yuni, da kewayen 1 ga Oktoba, mako biyu kafin buɗe baje kolin kaka. Mai tafiya a waɗannan lokuta ya ƙara data a layin romin.

Wayar da za ka saya a kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen, in ta kasuwar cikin gida ce, ba ta zuwa da Play Store. Kada ka kwashe kayanka zuwa cikinta sai ka dawo.

Maganar doka

Wannan ba wurin wasa ba ne, kuma ba zan ce maka halas ne kai tsaye ba. A Sin VPN mai lasisin gwamnati kaɗai doka ta sani, irin wadda manyan kamfanoni ke haya. A 2017 hukuma ta ƙaddamar da kamfe kan marasa lasisi, kuma a ƙarshen shekarar aka yanke wa wani mai sayar da ita a Guangxi ɗaurin shekara biyar da rabi. An kuma ci tarar wasu 'yan ƙasa da suka yi amfani da ita. Hukuncin ya fi faɗa wa masu sayarwa da masu rubutun siyasa, ba baƙon da ke gaida iyalinsa ba, amma dokar tana nan. Romin kuwa sabis ne da kamfanonin ƙasar da kansu suke bayarwa, wannan ma yana cikin dalilan da na sa shi a gaba.

Don haka kada ka sayar wa kowa VPN, kada ka raba makullinka a guruf, kada ka ɗora wa ɗan ƙasa a wayarsa ko da ya roƙe ka, shi za ka jefa a matsala fiye da kanka. Kada ka yi rubutu kan siyasar ƙasar kana cikinta. VPN tana ɓoye hanyar da ka bi ne, abin da ka wallafa da sunanka da hotonka kowa yana gani. Mai zuwa yankin Xinjiang kuma ya san cewa a can an sha duba wayoyin matafiya, gara ya shiga ba ta a wayarsa.

Mai biyowa ta Dubai, nasa lissafin daban. A can WhatsApp yana aiki, rubutu da saƙon murya da hotuna duk suna tafiya, kiran ne aka toshe. Akwai manhaja mai lasisi, Botim, ka ɗora ta kai da mutanen gida tun kafin tafiya. Dokarsu ta laifukan intanet ta 2021 ta sa tarar dirhami 500,000 zuwa miliyan 2 ga wanda ya ɓoye adireshinsa na intanet don aikata laifi ko ɓoye shi. Don kiran gida kawai, ni ban ga dalilin kusantar wannan iyakar ba alhali ga hanya a buɗe.

Akwai kuma inda duk wannan bayani ba ya amfani, wato inda aka kashe sabis ɗin ɗungurungum, kamar yadda aka yi a Sudan a Yunin 2019, ko a Zamfara a Satumbar 2021. VPN kan sabis take hawa, in babu shi ba ta da abin hawa. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a ƙasar da ake irin wannan ya rubuta muhimman lambobi a takarda, har da ta ofishin jakadancin ƙasarsa, ya kuma yi yarjejeniya da gida kan wanda za a kira in an kwana biyu ba a ji shi ba.

In Allah ya dawo da kai lafiya, shiga asusun kowace VPN ka kashe sabunta biya da kanta, in ba haka ba za su ci gaba da cirar kuɗi a katinka duk wata. Mayar da layin gida ya zama na data. Lambobin Google da ka yi amfani da su, ka nemi sababbi, ka yaga tsohuwar takardar. Sannan ka rubuta sunan VPN ɗin da ta yi maka aiki, da garin, da watan, ka ajiye, don maƙwabcin shagonka da zai tashi wata mai zuwa zai zo tambaya.